Hananiya da Surukin da Ya Ƙi Ci

Hananiya mutumin Wusasa ne. Shekarunsa arba'in da ɗaya, goma sha biyu daga ciki a Doha ya yi su yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. A garin da ƙarfen ƙofa kan ƙona hannu da tsakar rana, mai wannan sana'a ba ya rasa kira. Ya shiga gidajen masu hali, ya shiga ofisoshi, amma inda ya fi shiga shi ne ƙananan shagunan abinci, waɗanda hayaƙin suya ke toshe wa na'ura. Duk shagon da ya yi wa gyara, kafin ya naɗe tsaninsa an miƙo masa sanwici a takarda.

Ta haka ya zama masani. Ya san shawarmar wani Baturke a unguwar Najma ba ta kai a ci ta sai bayan la'asar, lokacin da naman ya gasu har ciki. Ya san wasu Indiyawa biyu, shago na kallon shago, ɗaya ya iya ƙwai, ɗaya ya iya burodi, kuma yakan ce da za su shirya da duniya ta huta. Direbobi da masu gadi 'yan gida sukan kira shi a waya su tambayi inda za su ci. In ya sami sarari, da kansa yake kai mutum, ya zauna a gabansa ya zuba masa ido har ya yi cizon farko.

"Baki yana kara," in ji shi, "fuska ba ta yi."

A watan Maris na bara surukinsa ya zo. Malam Elnathan tsohon hedimasta ne, shekara saba'in da shida, irin mutanen da har yau suke goge takalmi kafin su fita sayen jarida. Yanar ido ta rufe masa idon dama, 'yarsa Liatu kuwa, matar Hananiya, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta shirya a yi masa aiki ranar wata Alhamis. Gidansu a unguwar Al Wukair ɗaki biyu ne da falo, teburin cin abinci ɗaya. Hananiya ya ɗauki hutun kwana goma don kada tsohon ya zauna shi kaɗai.

Ranar farko ya kawo shawarmar Baturken da ɗuminta, ya ajiye, ya ja kujera ya zauna daura da baƙon. Malam Elnathan ya buɗe takardar, ya shinshina, ya mayar ya rufe.

"Madalla, Injiniya. Allah ya yi albarka. Zan ci an jima."

An jiman ba ta zo ba. Washegari aka kawo sanwicin ƙwai, jibi na kaza, gata na hanta. Liatu ta tuƙa tuwo miyar kuka, suka zauna su uku, tsohon ya yi loma biyu ya wanke hannu. Shayi kawai yake shiga da shi ɗaki, da 'yan biskit. Ranar Lahadi likita ya auna shi, ya ce in bai koma cin abinci ba za a ɗaga aikin. Ɗagawa kuwa tana nufin kwanakin bizarsa su ƙare, ya koma Zariya da yanarsa kamar yadda ya zo.

"Baban Happiness, ina sanin naka?" in ji Liatu tana ɗaura agogo za ta fita aiki. "Doha kaf ana tambayarka, tsoho ɗaya ya gagare ka?"

"Ke da kika yi tuwo fa? Ai na ga yadda aka yi wawarsa."

"Ni ina zargin haƙora ne."

"Haƙoran da yake tauna biskit da su?"

Ranar Talata Hananiya ya sa surukinsa a mota. Suka bi Corniche, titin bakin teku, tsohon yana kallon jiragen ruwa na katako da idonsa ɗaya, yana ba da labarin burodin tashar jirgin ƙasa ta Zariya, wanda in ka matsa shi sai ya dawo yadda yake. Shago biyu suka tsaya. A kowanne Hananiya ya zauna ya kafa ido, a kowanne aka naɗe sanwicin aka kai mota.

Na uku shagon Osman ne, a wani lungu bayan kasuwar Souq Waqif. Osman Bahaushen Sudan ne, jikan mahajjatan da suka tafi Makka a ƙafa suka yada zango a hanya, Hausarsa irin ta kakanni ce. Yana soya wani abu na wake da Larabawa ke kira ta'amiyya, ɗan'uwan ƙosai, ya cusa a burodi da tumatir da yaji. Ya kawo da kansa, ya durƙusa ya gaida tsohon, sannan ya tambayi Hananiya ko mahaifinsa ne.

"Surukina ne. Mahaifin maiɗakina."

Osman ya dubi tsohon, ya dubi sanwicin, ya dubi Hananiya da ya riga ya dasa gwiwar hannu a tebur.

"Injiniya, na'urar kicin tana zubar da ruwa. Yalla, zo ka gani."

"Ina hutu, Osman. Ba ka ga ina da baƙo ba?"

"Na gani sarai. Taso."

A kicin Hananiya ya hau tsani, ya buɗe na'urar, ya shafa ko'ina. Babu ko ɗigo.

"Wannan ai lafiyarta lau."

"Ita lafiyarta lau, kai ne ka lalace," in ji Osman ƙasa-ƙasa. "Ka sa surukinka a gaba kana ƙirga masa loma? Mu da muka yi shekara ɗari a Sudan ba mu manta ba, kai shekara nawa ka yi a nan? Leƙa."

Ta 'yar tagar da ake miƙa abinci Hananiya ya leƙa. Malam Elnathan ya sunkuyar da kai ya yi addu'a gajera, ya duba hagu da dama, ya naɗe hannun riga. Cizo biyar ya yi sanwicin ya ƙare. Ya tsince ɓurɓushin da ke takarda da ɗan yatsa, sannan ya ɗaga hannu kamar mai kiran ɗalibi, a ƙaro.

Kunya ta rufe Hananiya a kan tsanin. Mahaifinsa ya yi shekara talatin ko ruwa bai taɓa sha a gaban surukansa ba, su ma ba su taɓa ci a gabansa ba. In ya je gaisuwa, a zaure ake kai masa akushi a ja ƙofa. Shi kuwa ya saba da cin tire ɗaya da Bafilipine da ɗan Nepal a gefen hanya, har ya yi kwana shida yana gadin bakin surukinsa.

Minti arba'in ya yi a kicin ɗin, cikin zafin mai, yana ƙwanƙwasa na'ura mai lafiya da sukurdireba don a ji ana aiki. Sai da Osman ya kwashe takarda ta uku ya kai shayi, sannan ya fito yana share gumi.

Suka koma mota. Sai da suka ɗauki hanyar Al Wukair tsohon ya gyara murya.

"Ƙosan nan nasu, gishiri ya ɗan yi yawa. Amma wanda ya soya ya san aikinsa."

"Haka ne, Baba."

"Na'urar tasa ta gyaru kuwa? Ni kamar na ji tana wata ƙara da muka fito."

"Da saura, Baba. Sai na koma gobe da safe. Wataƙila da rana ma."

"To, in raka ka. Bai kamata a bar bawan Allah cikin zafi ba."

Ranar Laraba da yamma likita ya sake auna shi, ya rufe fayil, ya ce a kawo shi gobe ƙarfe takwas. Aka yi aikin cikin minti ashirin da biyar. Da aka cire bandejin ranar Juma'a, Malam Elnathan ya daɗe yana kallon mijin 'yarsa da idanu biyu, sannan ya juya wajen Liatu.

"Ashe Injiniya yana da tumbi haka?"