Muryar Baba a Hannun Abokin Wasansa

Ko da zan manta ranar da na kama aikin koyarwa, ba na jin zan manta wata Asabar ta damina da na haɗa injin rediyon mahaifina da na abokin wasansa a gidanmu na Nukkai.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, yana kuma da lasisin rediyon sha'awa, irin wanda mutum ke magana da na nesa daga ɗakinsa. Duk Asabar da hantsi yakan gaisa da wani amininsa na garin Garwa, shekara da shekaru, ba su taɓa ganin juna ba. Sai ga labari cewa jikin aminin ya ƙi, 'ya'yansa za su ɗauke shi su sauke eriyarsa. Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe. A makon ne kuma injin Baba ya ga damar yin gardama. Ƙarfinsa na nan, amma osileta, wato ɗan sashen da ke tsayar da mitar da murya za ta hau, ta sha danshi ta mutu. Na ce ya kira shi ta wayar hannu mana. Har yau ina tuna hararar da na sha.

Mutum ɗaya muka sani da irin wannan tsohon inji mai bawul, wato kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin murya, wani dattijo ɗan ƙabilar Tibi, abokan wasan Fulani, a unguwar Turaki, muna ce masa Kawu. Nasa ƙarami ne, ba ya nisa, amma osiletarsa ba ta gocewa. Matsalar ita ce Baba ya daɗe yana kiran injin nan gwangwanin madara, ga girman kai na Bafillatani, ba zai iya roƙo ba. Ni na je. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce da ni da Hausarsa da ba ta ware mace da namiji: "Ka je ka faɗa ma baban ka, yau muryan shi yana hannu na."

Muka ɗauko injin a Keke Napep, Kawu ya rungume shi a cinya. Na cire babban bawul ɗinsa don kada ya watsa komai, na ja gajeriyar waya daga osiletarsa zuwa gurbin ta Baba, muka bar su suka yi ɗumi. Kawu ya saita mitar, muka zaunar da shi gaban kayansa, Baba ya ɗauki makirufo. Sai muryar mutumin Garwa ta fito, siririya tana rawa.

To, wanda bai san gaisuwar Fulani ba bai san doguwar hanya ba. Baba ya runtse ido ya shiga jero ta: ya gida, ya jiki, ya ruwa, ya yara ɗaya bayan ɗaya har da jikoki. Kawu ba ya jin Fillanci, zama ya ishe shi. Hannunsa kuwa ya yi abin da ya saba duk sa'ad da ya zauna gaban injin nan, ya kama maɓallin mita yana murzawa a hankali, yana kallon rufi. Ni malamar kimiyya ina can ina alfahari da wayar da na haɗa, ban lura muryar Baba ta goce daga mitar ba.

Baba ya gama gaisuwa, ya shiga abin da ya kwana uku yana shiryawa, ya nemi yafiya da murya mai taɓa zuciya, sannan ya saki maɓallin makirufo don jin amsa. Sai muka ji mutumin Garwa yana ta kira, wai tun daga tambayar ruwan sama ya daina jin komai, kuma yara sun fara ɗaure kaya. Duk yafiyar nan iska Baba ya roƙa.

Baba ya juyo ya ga hannun Kawu a kan maɓallin mita. Ya jawo tsohuwar tsokanar Fulani da Tibi, ya ce, "Kun cinye mana saniya tun zamanin kakanni, yau kuma muryata ka cinye?" Na so in yi dariya, amma tsoro ya hana ni, don ban sa wa maɓallin alama ba, ga alli a jakata.

Kawu bai rama ba, karo na farko a sanina. Ya kara kunne a akwatin sauraro, yana murzawa kaɗan-kaɗan, wani fito mai tsini yana sauka yana sauka har ya yi tsit. Ya ce an dawo kan mitar. Sannan ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kai.

A karo na biyu Baba ya tsallake jikoki da ruwan sama. Ya ce a yafe masa, aka ce an yafe, shi ma ya yafe. Daga nan ya gaya wa amininsa cewa wannan murya da yake ji, gwangwanin wani Batibi ne ya kawo ta, ya miƙa wa Kawu makirufo su gaisa. Sai ni na riƙe masa a baki, don ya ƙi zaro hannuwansa.

Mutumin Garwa bai ga ƙarshen daminar ba. Tun ranar na koyi sa alama kafin in taɓa abu, na kuma koyi cewa maganar da ta fi nauyi ita ake fara faɗa, gaisuwa ta biyo baya in hanya ta bari.