Kakata ta rasu tana zaton ni kurma ce

Mai gyaran wannan mujalla, a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru ni budurwa ce mai kwalin aikin jinya, ba aikin yi, ina zaune gidanmu a unguwar Birni, nan Damagaram. Ba ni da buri sai na samu gurbin ƙaro karatu a Turkiyya, kuma sai da jarrabawar harshe. Yayana ya saka mini wata manhaja a ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta. Ita ba ruwanta da Faransanci balle Hausa. Hoto za ta nuna miki ta faɗi sunansa da Turkanci, ki maimaita, in kin karkace ta sa ki sake. Shawararta ita ce mutum ya nutse, kada ya bari wani harshe ya shiga kunnensa. Ni kuwa in na kama abu ba na yi masa riƙon wasa.

Ana haka kakata ta wajen uba ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Asalinmu Barebari ne, amma Barbarcin a bakinta ya tsaya, babana ma gaisuwa kawai ya iya. Da bakinta ya buɗe, Hausar da ta yi rayuwa da ita ta gudu ƙaf, sai harshen ƙuruciyarta, kuma ba ta gane kowa. Aka ce ga mai jinya a gida, aka mayar da ni ɗakinta. Tsakani da Allah ban gaza mata ba. Ina juya ta, ina yi mata wanka, ina auna hawan jininta, ina ba ta kunu a baki. Sai dai duk wannan ina yi ne da abin sauraro a kunne, ƙarƙashin hijabi, ina ta maimaita kalmomin mutanen da ban taɓa gani ba. Takan nuna buta ta faɗi wani abu, ta nuna taga ta faɗi wani, ni kuwa in ɗaga kai kawai. Akwai wata magana da take yawan yi, ta ɗora hannunta mai lafiya a gefen kaina, ta faɗa sau uku ta tofa. Na ɗauka ruɗin ciwo ne.

Ta rasu da hantsi, bayan damina. Ban yi kuka ba, na dai naɗe tabarmarta na fitar. Ranar sadakar bakwai wata tsohuwa ƙawarta, wadda kan zo duba ta ran Juma'a su yi Barbarcinsu, ta ji ina gaishe da baƙi. Ta saki salati, ta ce ashe ina magana? Ta ce kullum marigayiya sai ta ba ta labarin wata yarinya baiwar Allah da aka kawo mata, mai taushin hannu, amma kurma ce, ga ta tana ta wahalar haɗa sauti ba ya haɗuwa. Wai har tana gwada koya mata sunayen abubuwa ɗaya-ɗaya, ko Allah zai sa ta kama. Na maimaita mata maganar nan ta sau uku, don manhajar ta goge mini kunne, ban manta sautin ba. Tsohuwar ta ce addu'a ce, roƙon Allah take ya buɗe mini kunnuwa.

Na ci jarrabawar. Da sakamakon ya zo na duba, na kife wayar, na ci gaba da tsince shinkafa. Har yau ban ji komai ba, ba daɗi ba baƙin ciki, kuma wannan ne ke ba ni tsoro. Ban ga laifin manhajar ba, gaskiya ta faɗa, harshe a nutse ake koyonsa. Ni dai ga malama a gabana tana nuna buta tana faɗin sunanta, ban saurara ba, kuma ita ba ta da maɓallin maimaitawa. 'Yan'uwa masu koyon harsunan duniya, ku koya, amma in tsoho na magana a ɗaki ku cire abin kunnen. Na iya faɗin buta da harshe uku, ban san yadda kakata take kiranta ba.