Masu Leƙen Albasar Kaka

Lokacin da nake karatu a Kalgo, na je Gwandu wani ƙarshen mako, na tarar da kakata zaune a tsakar gida, tulin albasar da aka kwaso daga fadamarta ya kewaye ta, tana ta fara'a. Na ɗauke ta hoto na ɗora a shafin da muke saka hotuna.

Washegari na nuna mata wayar. Na ce, "Kaka, ɗaruruwan mutane sun gan ki."

Ta ce, "Mi sunka ce, maigidana?"

Na karanta mata abin da aka rubuta, 'yan kaɗan ne. Wani ya ce Masha Allah, wata mata ta yaba girman albasar, wasu kuma hoton zuciya kawai suka manna.

Ta riƙe haɓa. "To sauran fa? Sun leƙo gidana sun wuce, ba ko sallama?"

Na yi dariya har da hawaye, na ce haka ake yi a can. Ta ce ita dai wanda ya gaishe ta sai ta amsa masa. Ta zaunar da ni a tabarma, tana faɗa ina rubutawa: ina gajiya, ya iyali, ya zafi. Matar da ta yaba albasar kuwa ta sha addu'a, har da 'ya'yan da ba mu san ko tana da su ba.

Bayan azahar matar ta amsa. Ta ce daga Jos take, 'ya'yanta uku, duk suna gaida Kaka. Kaka ta gyara zama ta ce in tambaye ta ko ƙaramin ya fara tafiya.