Audugar Barira Mai Daddawa

A Maruta, ko makaho ya san gidan Barira, don warin daddawarta ke yi masa jagora. Maƙwabciyarta Nasiha ta yi ƙorafi har ta gaji. Amsar Barira ɗaya ce: "Ni dai ban ji komai ba. Hancinki ne ya cika tsegumi."

Kuma gaskiyarta ce. Ta yi shekaru ƙofar hancinta ta hagu a toshe, sannu a hankali ta dama ma ta bi sahu. Ga yawan haɓo, ga minsharin da ke firgita kaji. Ta yi hayaƙi da shaƙe-shaƙe, duk a banza.

Da haɓon ya tsananta, ɗanta Zulkifli ya kai ta asibitin Birnin Kudu. Likita ya leƙa ya ce wani tsiro ne da ba a cika gani ba, amma ba ciwon daji ba ne. Aka cire shi ta ƙofar hancin, aka cusa auduga.

Ranar da aka zare audugar, tana shiga zaure ta ja da baya.

"Zulkifli, akuyar wa ta mutu a gidan nan?"

"Kalwarki ce ta nuna, Inna."

Ta waiga, sai ga Nasiha ta leƙo ta katanga, ta kasa kunne. Barira ta wuce ciki kamar ba ta ji warin komai ba.

Har yau, duk ranar buɗe kalwa za ka gan ta da auduga a hanci. In an tambaya, sai ta ce umarnin likita ne.