Littafin Kakanmu a Kabad ɗin Dukawa

Abin da zan rubuta ya faru ne shekara biyu da suka wuce, bayan an yanke dawa, a laburaren babbar kwalejin da na gama karatu a cikinta. A lokacin watana huɗu da kama aikin mataimaki a wurin. Na so in faɗi ranar, amma na bincika takarduna ban sami abin da ya tabbatar mini ko Laraba ce ko Alhamis ba, saboda haka na bar ta. Sauran duk da idona na gani.

Baturen da ke shugabantar laburaren ya ƙudurta shirya baje kolin kayan gargajiya, don manyan baƙi daga Kaduna su zo su gani. Mutum ne da tsara kaya ya fi damunsa a kan kayan kansu. Ya aike ni ƙasarmu in aro abin da na samu. Na samo garma a Likoro, da ƙwarya mai zane a Janfalan, da curin mazarƙwaila a Makarfi. Amma abin da ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne littafin da aka rubuta da hannu, kuma ni da bakina na gaya masa akwai ɗaya a gidanmu a Gubuchi.

Littafin fikihu ne da kakanmu ya kwafa, cike da ayoyi da sunayen Allah. Ba ɗinkakke ba ne. Takardu ne falle-falle, ana adana su cikin gafaka ta jar fata. Yana hannun Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifin nawa. Baffa bai taɓa son karatun bokona ba. Duk da haka ya taɓa faɗa a gaban mutane cewa ni zai bar wa littafin, tun da 'ya'yansa sun fi karkata ga noman rake. Wannan magana ita kaɗai ce shaidata cewa bai ɗauke ni ɓatacce ba.

Da na gama gaisuwa na faɗi buƙatata, sai ya ce, "Me Nasara zai yi da fikihu? Salla zai fara?"

"Nunawa za a yi, Baffa, don a san muna da ilimi tun kafin su zo."

"Sanin da mu muka yi bai isa ba ke nan." Sannan ya miƙo gafakar da hannu biyu. "Kada ya taɓa ƙasa, kada wani abu ya hau bisansa. Ba Nasara na ba ba, kai na ba."

Baturen ya rarraba kayan bisa abin da aka yi su da shi: na ƙarfe a kabad ɗaya mai gilashi, na itace a wani, na zare a wani. Littafin kakanmu kuwa, da yake gafakarsa ta fata ce, sai ya faɗa cikin kayan dukawa, masu aikin fata. Ya sa aka buga masa kati da tafireta: littafin layu, daga birnin Zariya.

Kwana uku na yi ina jayayya a kan katin nan. Na ce ba layu ba ne, fikihu ne, kuma ba daga birni ya fito ba.

"Wa ya san Gubuchi a cikin baƙina?" in ji shi.

"Ni na san ta, ranka ya daɗe."

"Kai ba baƙo ba ne. Kai ma'aikaci ne."

Ban bari ba. Na buɗe masa babin alwala da na gado, na fassara masa layi-layi har ya gaji ya ce in rubuta abin da na ga dama. Sau biyu na mayar wa akawu katin saboda kuskuren harafi. Da aka kafa shi a ƙarshe, na tsaya na karanta shi sau uku, raina fari.

A tsayuwar nan ne na ga yadda aka jera kabad ɗin. Littafin yana kantar ƙasa, a buɗe bisa gafakarsa. A kantar da ke samansa daidai an jera takalman fata da ake kira fade, ƙafa uku. Na gan su. Ba zan ce ban gani ba. Na koma ofishin Baturen na ce a sauya musu wuri.

"Sababbi ne, ba wanda ya taɓa sa su," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba. "Kuma jan fatarsu ya fi fitowa a sama. Ka riga ka sami abu ɗaya a wannan mako. Kada ka zama mai wuyar sha'ani."

Na yi wa kaina lissafi irin na 'yan makaranta: takalmin da ba a taka ƙasa da shi ba fata ce kawai, ga kuma gilashi a tsakani. Na fita. Mabuɗin kabad ɗin yana rataye a bango kusa da ƙofa, na wuce shi.

Ban san Baffa zai zo ba. Ya biyo motar 'yan rake ranar buɗewa, ya iso da hantsi, aka tsayar da shi a waje har baƙin suka gama shan shayi. Da na shigo da shi, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa. Na ce ba sai ya tuɓe ba.

"Ba gidan littattafai ka ce ba?"

Wata Baturiya ta taɓa mijinta ta nuna masa ƙafafun tsohon, suka yi murmushi. Har yau ban yafe murmushin nan ba.

Baffa ya wuce garma da ƙwarya bai dube su ba. A gaban kabad ɗin dukawa ya tsaya. Ya dubi littafin, ya ɗaga kai ya dubi kantar sama, sannan ya juyo gare ni.

"Ka gani?"

"Na gani, Baffa. Sababbi ne, ba a..."

"Ban tambaye ka shekarunsu ba. Buɗe."

Na kira Baturen, na zama tafinta a tsakaninsu. Ya ce ba a fitar da kome sai ƙarshen wata, haka ƙa'ida take. Na faɗa wa Baffa kamar yadda aka faɗa, ban rage ba. Sai ya tattara rigarsa ya zauna a kan siminti, kusa da kabad ɗin, a tsakiyar hanyar baƙi.

"Gaya masa tun da littafin yana ƙasa, ni ma nan zan zauna har ƙarshen watan nasa."

Fuskar Baturen ta yi ja. Ya ce cikin raɗa a sauke takalman, ai magana ta ƙare.

"Jiya ya kamata a sauke su," in ji Baffa.

Aka kawo mabuɗi. Baffa ya ɗora littafin bisa cinyarsa, ya bi shi falle-falle, yana duba kalmar da kakanmu ya rubuta a gindin kowane shafi don nuna farkon na gaba, har ya tabbatar ba abin da ya ɓace. Baƙin suna kewaye shi kamar shi ma an baje shi ne. Baturen ya juya musu zancen zuwa raha, ya ce mutanen ƙauye suna da camfi a kan littattafansu. Wannan ne kaɗai ban fassara ba.

A bakin ƙofa, yana sa takalmansa, na ce, "Baffa, da farko layu suka rubuta a kai, kuma suka ce daga birni yake. Kwana uku na yi ina faɗa har aka gyara."

"Madalla," in ji shi. "To, ka riƙe katin."

Na raka shi har bakin hanya. Kafin la'asar an cike gurbin littafin da matashin fata.

Da na je gida da ƙaramar salla, na tarar Baffa ya ba limamin unguwarmu littafin, a gaban mutanen da ya taɓa ambata sunana a gabansu. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar lafiyar aiki, amma bai sake kirana in karanta masa kome ba.

Katin yana cikin akwatina. Na sake duba shi kafin in fara wannan rubutu. Littafin fikihu, rubutun hannu, daga Gubuchi ta ƙasar Makarfi. Babu kuskure ko ɗaya a cikinsa.