Jar Tocila a Gonar Baba

A Funtua nake koyarwa, kuma a Funtua ba a ganin sama. Fitilun tireloli da na masu shayi sun cinye ta. Shi ya sa da na mallaki 'yar na'urar hangen taurari, wadda tsawonta bai kai taɓarya ba, sai na riƙa ɗaure ta a bayan babur duk Juma'a in nufi ƙauyenmu, can gaba da Ƙarfi, inda duhu yake na gaske.

Abin da nake farauta shi ne nebula, wani gajimare can ƙuryar sama inda taurari ke samuwa. Aikin na masu taurin kai ne. In kafa na'urar a kan ƙafafunta uku a gonar Baba bayan an cire masara, in maƙala mata kyamara, in yi ta ɗaukar wuri ɗaya har awa uku, sannan in haɗa hotunan a kwamfuta kafin launi ya fito. Farar tocila tana kashe ido a duhu, don haka na naɗe tawa da jar leda. Da duk bokona, ban taɓa tunanin yadda nake a idon mai leƙowa ta kan danga ba: mutum shi kaɗai a bakin daji, jar wuta tana kamawa tana mutuwa, ga wani dogon bututu a saite.

Wata Asabar da dare aka kore shanun maƙwabcinmu. Kafin a tashi daga coci washegari magana ta gama gari, wai ni nake yi wa ɓarayin daji alama da wuta. Kowa ya san abin da ke samun wanda aka kira infoma a yankinmu, shi da gidansu. Baba kuwa dattijon coci ne, shi ake kira sasanta rikicin iyakar gona, Kirista da Musulmi duk sun yarda da bakinsa. Ranar shi kaɗai ya tako daga coci zuwa gida, ba mai rakiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ai abu mai sauƙi ne, su zo su gani da idonsu. Mai unguwa ya zo bayan isha'i tare da shugaban 'yan sintiri, muka zauna a gona har taurarin suka hau. Na fara nuna musu hoton a waya, ja da shuɗi, ya buɗe kamar furen kabewa. Sannan na cire kyamara na saita na'urar.

Mai unguwa ya duƙa ya daɗe yana leƙe. Ya ce, "Malam, ni fa ban ga komi ba. Wani ɗan hayaƙi-hayaƙi ne kawai."

Na ce, "Shi ne, ranka ya daɗe. Ido ba ya kama launin, sai kyamara ta daɗe tana tara hasken."

Shugaban 'yan sintiri ya leƙa, ya ɗago. "Wato abin da ke cikin wayar daban, na cikin bututun daban."

"Abu ɗaya ne."

"To ina jan?"

Na yi ta bayani. Ina yi ina jin muryata tana komawa irin ta ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Gaskiya tsantsa nake faɗa, amma ba ni da yadda zan sa idon mutum ya ga abin da ba a halicce shi ya gani ba. Tsoro ya kama ni a lokacin, ba don kaina ba. Suka ce Allah ya kyauta, suka tafi da tocilar.

Na tarar da Baba zaune a ƙofar ɗakinsa, bai kwanta ba. Ya ce in zauna.

Ya ce, "Ni ban san wannan aikin naka ba. Gobe zan je wurin mai shanun, in dafa Littafi Mai Tsarki a gabansa in ce ɗana ba ya ciki. Kafin in dafa, dube ni ka gaya mini."

Wannan tambayar ta fi duk maganar gari yi mini ciwo. Na dube shi, na gaya masa ba ni ciki. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, na ji."

Da sassafe ya sa hularsa ya fita. Da na shiga ɗakinsa ɗauko makullin babur, sai ga Littafin a kan tebur, bai tafi da shi ba.