Yatsan Doña Eulalia

Sun dasa mata na'ura mai tsikarar jijiya a ƙugu don ta riƙe fitsari, sannan kamfanin da ya ƙera na'urar ya tattara ya bar ƙasar.

Ga ta a bencin asibiti a birnin Barranquilla, tsohuwa tsaf da ita, mataccen rimot ɗin na'urar a tafin hannunta. Da gani ta saba jira. Babban yatsan ƙafarta na ta lanƙwashewa yana miƙewa cikin silifa.

"Doña Eulalia, kiɗa kike ji ne?" in ji wata da ke gefenta.

"Ina fa, 'yar nan! Ba ni ke motsa shi ba, na'urar ce. Tsorona kar a binne ni yana yi."

Ku da kuka kunna abin nan, ku dawo ku kashe shi!